Jan Aljihu a Kan Rufin Makaranta

Shekara arba'in tela ya yi a shagonsa na bakin titi, kuma kowa ya san halinsa: ba ya karɓar awo da baki. Ko ka rantse masa ka san ƙugunka, sai ya ɗauko tef ya zagaya da kansa. Haka yake yi wa labari. Rediyon da ke rataye kusa da kekensa kaɗai yake yarda da shi, wai don 'yan jarida sai sun auna suke yankawa. Maƙwabcinsa mai aski kuwa ɗan waya ne na ƙin ƙarawa, kullum cikin musu suke.

Ranar da kogi ya yi ambaliya, tun hantsi wayar 'yar tela ta daina shiga. A tsallaken kogin take aure, da 'yarta mai shekara shida, wadda tela ke tsokana da "amaryata". Rediyo sai maimaitawa yake cewa suna jiran tabbaci daga wakilinsu. Karon farko ke nan da tela ya ji haushin rediyonsa.

Sai ga mai aski ya faɗo shagon da waya a hannu. "Baba, sai haƙuri. Wani mai shafi ya saka bidiyo, ruwa ya cinye tsallake kaf!"

Matar tela, da ta kawo masa abinci, ta ɗora hannu a ka. Shi kuwa ya gyara tabarau ya ce, "Tsayar min da shi nan." 'Yan makaranta ne cikin ruwa har ƙirji. Ya kafa musu ido, amma ba fuskokin yake kallo ba.

"Koren yadi ne a jikinsu," ya ce. "Shekara uku ke nan da makarantar ta koma shuɗi, ni na ɗinka rabin kayan. Tsohuwar ambaliya aka ɗumama mana."

Mai aski ya sosa ƙeya zai fita, tela ya jawo masa benci. "Zauna. Su nawa ne masu saka irin wannan? Nuna min duka."

Mutumin da bai taɓa shafa fuskar waya ba, ga shi yana bin bidiyo ɗaya bayan ɗaya, ido a buɗe. Wannan rigunan sanyi ne a jikinsu, ba namu ba ne. Wancan an daina yayin ɗinkinsa tuntuni. Can suka iso shafin wata mata da ba ta saka komai sai kajinta. Yau kuwa bidiyon ambaliyar ta saka: hoton na rawa, mutane cunkus a kan rufin makaranta.

"Mayar baya," in ji tela.

Wata yarinya ce cikin shuɗiyar riga mai jan aljihu, wata mata ta rungume ta. Makon jiya yana ɗinka wa jikarsa rigar makaranta shuɗin yadi ya ƙare masa, ya cike aljihun da ja, amaryar ta wuni tana zumɓura baki.

"Maigida, ka tabbata?" matarsa ta tambaya.

"Ni na ɗinka."

Nan take ya sa mai aski ya kira lambar da gidan rediyon ke ta faɗa. Ɗan jaridar ya tambaye shi hujjarsa, ya yi masa bayanin aljihu tiryan-tiryan. 'Yan rediyon suka nemi mai kajin, suka tabbatar, suka yi shela, masu ceto suka nufi makarantar da kwalekwale.

Da la'asar aka sauke 'yarsa da jikarsa a ƙofar shago, jiƙe sharkaf. Tela ya durƙusa ya rungume jikarsa, hawaye na zuba bai damu da wa ke kallo ba. Ita kuwa ta ja aljihun ta nuna masa.

"Kaka, ka ce za ka canza min shi."

Ya goge ido da tef ɗin da ke wuyansa ya ce, "Wannan kam, amarya, sai dai ki sake tela."