Turmin Umma a Kan Sikeli

Shekarun baya, tun kafin korona ta zo ta kulle kowa a ɗaki, mahaifiyata ta zo wurina Dubai a duba mata gwiwa. Lokacin ina zaune da matata a wani fulat can sama kusa da Al Warsan. Kwanakin farko Umma ta yi ta yaba komai, har lifta sai da ta sa wa albarka. Daga baya sai ta yi shiru. Kullum na dawo daga aiki sai in tarar da ita a bakin taga tana leƙen titi. Wata rana ta ce da ni tun da ta zo ƙafarta ba ta taka ƙasa ba, daga tayil sai mota sai asibiti. Ita fa a ƙauye aka haife ta, tana so ta shimfiɗa tabarma a kan ƙasar Allah ta zauna ko da yini guda ne kafin ta koma gida. Maganar nan ta tsaya mini a rai.

Na kai wa wani abokina zancen. Ɗan kasuwa ne, mai tura kaya Kano, irin mutanen da tun da uwarsu ta haife su ba su taɓa cewa "ban sani ba" ba. Ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, lokacin sanyi ne, a kai ta sahara kawai. Tun da gwiwa ba za ta bar ta ta kwana a tanti ba, a yi hayar karaban, wato ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, mai gado da banɗaki a ciki. Ya san wani Balarabe a Al Quoz mai ba da haya. Ni kuma ina da tsohuwar jip, wadda mai ita na farko ya bar mata ƙugiyar ja a baya. Na ce to, amma lasisina ya yarda in ja irin wannan abu?

Sai na faɗa muku abin da lasisin nan yake a wurina. Na yi shekaru ina tuƙi a Kano, amma da na zo Dubai sai aka mayar da ni ɗan koyo. Na faɗi gwajin tuƙi har na daina gaya wa mutane ranar da zan je. Da ƙyar da siɗin goshi na samu. Aikina kuma gyaran injinan asibiti ne, yau ina nan gobe ina can, kuma sharaɗin aikin ke nan sai da lasisi. In aka karɓe shi, aiki ya tafi, in aiki ya tafi biza ta bi shi. Shi ya sa nake tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai.

Abokina ya ce lasisin ƙaramar mota ya wadatar, duk abin da bai kai tirela ba halal ne. Wani direban kamfaninmu, ɗan Pakistan, ya ce ƙarya ne, da zarar ka rataya abu a bayan mota ka zama direban babbar mota. Maƙwabcina ya ce ba lasisi ne matsalar ba, inshora ce. Na shiga intanet na karanta dokoki har kaina ya yi zafi, sai can a ƙasa na lura ashe dokar Ingila nake ta haddacewa. Duk wanda na tambaya sai ya amsa mini da tabbaci, kuma babu biyu da suka faɗi abu ɗaya.

Ranar Alhamis na je Al Quoz ɗauko karaban. Balaraben mutumin kirki ne, amma shi ya ƙarasa ɗaure mini kai. Ya nuna mini wani ɗan faranti na ƙarfe da aka manna a jikin karaban ɗin, ya ce wannan lamba nauyinsa ne babu kaya, wannan kuma iyakar nauyinsa da kaya. Ya buɗe ƙofar jip ɗina ya nuna mini wata lambar, ya ce wannan abin da motar za ta iya ja ne. Sannan akwai nauyin da ke danne ƙugiyar kanta, shi ma da nasa lissafin. Ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare, ban fahimci ko rabi ba. Da ya ga idona, sai ya yi dariya ya zagaye lamba ɗaya da yatsa.

"Habibi, kar ka wuce wannan, khalas, shi ke nan. In ka wuce aka tsayar da kai, ko wani abu ya faru, lasisinka ne, ba nawa ba."

Ya ce in na gama loda kaya in biya ta sikelin manyan motoci da ke Al Warsan a auna. Na yi lissafi a raina: ni, matata, Umma, abinci da ruwa kaɗan. Na ce ai ko kusa ba za mu kai ba.

Abin da ban sani ba shi ne abokina ya riga ya sanar a zauren hira na waya da 'yan ƙasarmu ke ciki cewa za a kai Umma sahara, duk mai so ya zo a tafi tare. Lokacin hutun mako Juma'a da Asabar ne. Ana sallame sallar Juma'a sai ga motoci sun cika ƙofar gininmu. Kun san halinmu. Bahaushe in ya ji mota za ta wani wuri, kuma ya hango fili a cikinta, to ya samu ɗan aike. Matan abokai suka kawo tukwane da tukunyar gas. Wani ya kawo buhunan gawayi. Wani jarkokin ruwa. Wani dardumai da kujeru, wani kula cike da nama da ƙanƙara. Kowa abin da yake cewa ɗaya ne: ɗan saƙo ne, ai ga wuri nan.

Sai ga Alhaji. Dattijo ne, babba a cikin 'yan kasuwarmu, shi ya sauke ni a gidansa lokacin da na fara zuwa ƙasar ban san kowa ba. Ya sa aka ɗauko janareta daga bayan motarsa aka cusa a karaban. Yaya za ka dubi mutumin da ka ci tuwon gidansa ka ce masa janaretarsa ta yi nauyi? A ƙarshe Umma ta sauko da sandarta, ta ba matata ɗan turminta na dakan yaji, wanda ta ɗauko tun daga Kano a cikin akwati, ta ce a sa mata shi ma.

Tun daga tashi na san da matsala. Bayan jip ɗin ya durƙusa, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau a hannuna. In na ɗan taka sai in ji karaban yana kaɗa mu hagu da dama. Na karkata na shiga wurin sikeli, motocin jama'a suka biyo ni a jere suna mamakin ina zan kai su.

Mai sikelin ba ya jin Larabci sosai, ni ba na jin yarensa, Turancinmu kuma ya ƙi haɗuwa. Ya ce in hau, na hau. Ya ce in koma baya, na koma. Ya ce a kwance karaban a auna shi kaɗai, aka kwance, sannan ya ce a'a a mayar. Har yau ban san wanne ne awon gaskiya ba. Abin da na sani shi ne duk lambar da ya nuna mini, ko ta ina na kwatanta ta da wadda Balarabe ya zagaye, mun wuce, kuma ba da kaɗan ba. Na kira Balaraben a waya. Kalma ɗaya ya yi ta maimaitawa, wadda ma'anarta ita ce a sauke.

Jama'a suka taru a kaina. Abokina ya ce hanyar da za mu bi ba a tsayar da kowa, mu yi bisimilla kawai. Wani ya ce ai lambobin nan Turawa kan rage su ne don tsoro, ƙarfe ya fi abin da aka rubuta masa. Alhaji ya dafa kafaɗata yana murmushi, ya ce a zamaninsu sun ɗora wa akori-kura abin da ya ninka wannan daga Kano har Agadas, Allah ne ke tsarewa, kar in zama Bature. Aka yi dariya, ni ma na yi ta yaƙe. Na dubi motocinsu a jere, kowacce but ɗinta wayam, babu komai sai tayar sifiya. Kuma wallahi kunya ta hana ni in nuna. Gaskiyar magana, na riga na sa hannu a ƙofar mota zan shiga mu tafi a haka.

Sai na ji ƙarar sandar Umma a kan ƙarfen sikeli. Ta sauko daga jip ba wanda ya taimaka mata. Ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya yadda ba kowa zai ji ba.

"Kai, ban gane lissafin nan naku ba. In aka kama ka da kayan nan, me za a karɓa?"

Na ce lasisi.

"In an karɓi lasisin fa?"

Na ce aikin ke nan, Umma.

"Na wa za a karɓa? Naka kaɗai, ko za a raba da masu kayan?"

Ba ta jira amsata ba. Ta juya ta sa matata ta buɗe karaban, ta ce a miƙo mata turminta. Jama'a, turmin nan ko ɗan yaye zai iya ɗaukarsa, a duk kayan da ke ciki babu abin da ya fi shi rashin nauyi. Ta rungume shi, ta taka a hankali da gwiwar nan tata har gaban Alhaji, ta gaishe shi da ladabi.

"Alhaji, an ce kaya sun yi wa yaron nan yawa. Ni dai na sauke nawa. Ko akwai wuri a motarka in riƙe shi a cinya?"

Alhaji ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Ya ce subhanallahi, Hajiya, ai ba a yi haka ba. Da kansa ya buɗe mata gaban motarsa, sannan ya juya ya daka wa mutane tsawa, wai me suke jira, kowa ya zo ya kwashi tarkacensa, ku ga yadda kuka danne wa yaro mota. Kamar ba janaretarsa ce ta fi komai nauyi ba. Nan da nan aka buɗe but-but, gawayi ya koma wurin mai shi, jarkoki suka watse. Abokina ma har da cewa shi dama tun farko ya ga abin ya yi yawa.

Tsugune ba ta ƙare ba, don da aka sake aunawa mai sikeli ya ce har yanzu da ɗan saura. Muka duba ciki, babu komai sai katifa. Ashe tankin ruwan karaban ɗin ne, wanda ni da hannuna na cika shi taf da safe, ban san shi ma ana lissafa shi ba. Aka rage ruwan. Na tambayi mai sikeli ko mutanen da ke cikin mota su ma suna cikin lissafi, ya karkaɗa kai irin na mutanen ƙasarsu, wanda ba ka sanin e ne ko a'a. Saboda haka matata ma ta koma wata motar. Haka na ja karaban kusan babu komai a ciki, ni kaɗai a jip, ina tafe a hankali, jerin motoci maƙare da kaya suna biye da ni.

Mun isa da la'asar sakaliya. Na gyara wa Umma gado a karaban, na kunna mata fitila, na zo da alfahari na ce ta shiga ta huta. Ta leƙa ciki daga bakin ƙofa, ta dubi rufin, ta dubi 'yar tagar, ta ce ashe wannan akwatin ne na kusa rasa aikina a kansa. Ta ce ita da ta gudo daga ɗaki, me za ta yi da wani ɗakin? Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a kan yashi, ta cire takalmi, ta tura ƙafafunta cikin rairayi har idon sawu. Ta zauna ta daka yajinta a turmin nan, mata suna gasa nama a gefe, tana ba su labarin ƙauyensu. Tun da ta zo ƙasar ban ga ta yi dariya irin ta ranar ba. Har muka dawo ba ta taka cikin karaban ɗin ba. Tukwanen da aka gama girki da su ne suka kwana a kan gadon.

In kuka tambaye ni yau nauyin da lasisina ya yarda in ja, wallahi ba zan iya ba ku amsar da zan rantse a kanta ba. Sai dai in ce ku je ofishin lasisi ku tambaya, kar ku tambayi abokina. Abin da na koya a ranar ba na lamba ba ne. Na ga yadda mutum zai iya tsayawa yana murmushi a ɗora masa abin da zai karya shi, don kawai kar a ce ya yi rashin kunya. Kuma na ga yadda ake cewa a'a ba tare da an ci fuskar kowa ba, duk da ni har yanzu ban iya yi kamar yadda ta yi ba.

Da Umma za ta koma gida, akwatinta ya wuce awo a filin jirgi saboda tsarabar jikoki. Ba ta yi gardama ba, ta zuge zif ta ciro turmin ta miƙa mini, ta ce in ajiye mata sai ta dawo. Allah bai yi za ta dawo ba. Lokacin da muka tashi daga fulat ɗin nan, masu kwasar kaya suka zo da babbar mota, ga wuri har ya yi yawa. Matata ta ɗauko turmin za ta sa a kwali. Na ce ta ba ni. Ita ta tuƙa mu zuwa sabon gidan, ni kuma na riƙe shi a cinya.