Fiyanon da Na Saya wa Baba

Babana makaɗin gangar noma ne, haka ma ubansa. A ƙauyenmu da ke gabas da Gezawa, lokacin ina yaro, ba a gayya sai da shi. Manoma su jeru a bakin kunyoyi, shi yana biye da su da ganga rataye a kafaɗa, gula a hannun dama, yatsun hagu a kan fata. Kowane manomi da takensa. In ya ga wani ya fara sanyi, sai ya matsa kusa da shi ya sassauta kiɗan kamar mai yi masa raɗa. In mutumin ya kusa ƙarshen kunya kuma ya saki hannu, har ka ji abin a ƙirjinka.

Ni ban gaje shi ba. Na gama firamare na koyi ɗinki. Tun ina saurayi nake fama da waswasi, alwala ɗaya sai in maimaita ta, in na kulle shago sai na dawo daga hanya na sake taɓa kwaɗon. Da na ji wani mai wa'azi ya yi magana a kan kiɗa, ban ƙara taɓa gangar ba. Baba bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi gara haka, tunda rabon gado ya mai da gonaki kamar tabarmi, kowa ya koma feshi da 'yan ƙwadago, wa zai kira gayya a gonar da mutum ɗaya zai nome kafin azahar.

Wata bazara hawan jini ya kayar da shi a bakin rijiya. Da aka dawo da shi daga asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana sai kalma ɗaya da ƙyar. Inna, mahaifiyata, ta ɗauko gangar ta riƙe masa, ta saka masa gula a hannun hagu. Hannun da bai taɓa riƙe gula ba ya ƙi. Ta suɓuce, aka ɗauko, ta sake suɓucewa. Ya nuna ƙofa da haɓa. Aka kai gangar rumbu, can zafi ya tsaga fatar.

Daga ranar ya daina cin abinci. Ba faɗa, ba kuka. In an kawo tuwo ya juya ga bango, in an kawo kunu ya datse baki. Sai ruwa kaɗan. Da na koma karɓo magani na faɗa wa likita, ya ce cutar ba lallai ta kashe shi nan kusa ba, amma yunwa ba za ta jira ba, mu nemo abin da zai sa ya ci. Na dawo gida da wannan maganar tana yi mini yawo a kai.

Akwai wani tsoho abokin Baba, sarkin noman ƙauyen da ke ƙetaren rafi, wanda Baba ya yi wa kiɗa tun suna samari. Yakan dogaro sandarsa ya zo da hantsi, ya zauna a gefen tabarma yana tsokanarsa. Ya kira shi maroƙi, ya ce ya tashi ya daina lalaci, ai shi ko a da ba noma yake ba, bin bayan maza yake yana cin furar gayya. A da Baba zai rama ya ce da shi raggon da sai an buga masa ganga yake iya sunkuyawa. Yanzu sai ido.

Ranar da na kai ɗinkin biki wani gida a Gezawa na ga abin. Wani saurayi ya ɗora fiyano a kan tebur, ya danna da yatsa ɗaya, sai ga ƙarar ganga ta fito. Ya danna na kusa, wata gangar daban. Na tsaya da kayan mutane a hannu ina kallon yatsan nan. Baba yana da yatsu biyar masu rai.

Ban faɗa wa kowa ba sai da na je wajen liman. Na tambaye shi ko halal ne in shigar da kayan kiɗa gida saboda marar lafiya. Ya ce in je in yi, magani nake nema, Allah ya san nufina. Washegari na koma na sake tambaya ta wata fuskar, don ina tsoron ban yi masa bayani daidai ba. Bayan kwana biyu na sake tare shi a ƙofar masallaci.

Ya ce, "Malam, in ka ƙara tambayata zan ce haramun ne don in huta. Babanka fa ba ya cin abinci."

Inna da ta ji, cewa ta yi mutumin da ya kori gangar ubansa daga ɗaki ba zai buɗe baki don akwatin roba ba. Amma ita ce ta kwance tunkiyarta ta ce in kai kasuwa.

A Sabon Garin Kano aka nuna mini layin masu kayan kiɗa. Na wuce shaguna da yawa ban shiga ba, ina jin kamar kowa ya san abin da ya kawo ni. Na ƙarshe na shiga. Mai shagon Ibo ne haifaffen Kano, Hausarsa ta fi tawa gudu, ya ce shi ke kaɗa fiyano a cocinsu. Ya ba ni kujera. Fiyanoni ga su nan jingine da bango, wasu dogaye masu nauyi kamar ƙyaure, wasu ƙanana na wasan yara. Ya tambaye ni wa zai koya, na faɗa masa komai, har da kunun.

Ya fara cire waɗanda ba su dace ba. Manyan ya ce ba namu ba ne, suna son wutar lantarki, mu kuma ba mu da ita. Na yaran ya ce madannansu sun yi ƙanƙanta, yatsan tsoho zai danna biyu a tare. Aka bar guda biyu masu aiki da batir, tsawonsu ɗaya, mutum zai iya ɗauka a hammata, kowanne da muryar ganguna a ciki, kuɗinsu ma kusan ɗaya. Ɗaya sabo ne fil a kwalinsa. Ɗayan na hannu ne, da ƙarzuwa a gefe, madanni ɗaya ya yi ruwan ɗorawa, ba kwali.

Ya ce bambancinsu ɗaya ne mai muhimmanci. Na hannun yana jin hannu: ka taɓa a hankali ya amsa a hankali, ka buga da ƙarfi ya yi ƙara. Sabon kuwa ko shafa shi ka yi, ko naushi ka kai masa, murya ɗaya zai ba ka. Ya gwada mini duka biyun. Na ji bambancin sarai. Ya ce da babansa ne, na hannun zai ɗauka.

Nan waswasina ya tashi. Kayan hannu, wa ya san mai shi na farko? In na sata ne fa? In ya mutu a hanya, ko bayan mako ɗaya, da wace tunkiyar zan sayi wani? Sannan na tuna hannun Baba, mutumin da ya sha fasa fatar ganga a tsakiyar gona. A tunanina abin da ke jin duka shi duka ke yi wa illa, wanda bai damu ba kuwa jaki ne, zai jure. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan. Hannun hagun Baba yana rawa, ƙarfinsa ya ragu. Na ce a raina in ya taɓa na hannun ya ji muryar ta fito a raunane, zai san yadda ya koma. Sabon zai rufa masa asiri, ya ba shi cikakkiyar murya ko yaya ya taɓa.

Na ce zan je in yi salla in dawo. Na yi azahar, na zauna a masallacin ina juya abin har aka fara shirin la'asar. Na dawo na sa ya sake gwada mini. Na tambaye shi ko ya san wanda ya kawo na hannun, ya ce ya san shi, malamin makaranta ne da ya koma garinsu. Na tambaye shi ko zai iya rantse mini ba zai lalace ba. Ya ce ko sabon ba zai rantse a kansa ba.

Da ya ga na ɗora hannu a kan kwalin, ya ce, "Malam, makaɗi fa ka ce mini. Makaɗi so yake a ji hannunsa."

Na ce na gode, sabon nake so. Ya nuna mini inda ake kunnawa da inda ganguna suke, ya manna 'yar takarda a wurin don kada in manta, ya ɗaure kwalin da igiya. A mota na ƙi yarda a sa shi a but. Na rungume shi a cinya har Gezawa, hadari yana haɗuwa a gabas, ina ta addu'a kada ruwa ya sauko kafin in isa.

Da hantsi washegari muka fito da Baba rumfa, muka jingina shi da bango. Sarkin noma ya zo. Na ajiye fiyanon a kan kujerar tsugunno ta Inna, na saka batir, na duba ko na saka daidai, na sake dubawa, na kunna. Na danna madanni ɗaya. Ganga ta amsa.

Baba ya ɗago kai. Rabon da in ga ya dubi wani abu haka tun kafin ya faɗi. Na ja kujerar kusa da hagunsa. Ya miƙo yatsa ya danna. Ya saurara. Ya sake taɓawa, wannan karon kamar mai taɓa jariri. Murya ɗaya. Ya dunƙule hannun ya buga iya ƙarfinsa. Murya ɗaya. Ya koma wani madannin ya yi haka, a hankali, sannan da ƙarfi. Sai ya janye hannunsa ya ɗora a cinya. Bakinsa ya daɗe yana motsi kafin kalmar ta fito.

"Kurma."

Ya juya ga bango. Sarkin noma ya yi ƙoƙarin mai da abin wasa, ya ce to ai an dace, kurma ya samu bebe, sai a ɗaura aure. Ba wanda ya yi dariya, har shi. Inna ta ɗauke kunun da ta dama ta koma madafa.

Ranar na kira mai shagon a waya na roƙe shi ya musanya mini. Ya ce da yardar rai, amma na hannun an saye shi da safen nan. In wani irinsa ya shigo zai kira ni. Na mai da fiyanon ɗakina na lulluɓe da zane. Kwalin kuwa aka bar shi a gefen tabarmar Baba, Inna tana ɗora kofin kunu a kai, tana ɗaukewa yadda ta kawo shi.

Bayan 'yan kwanaki, sarkin noma yana zaune yana ba ni labarin tsadar taki, sai ya tsaya yana kallon kwalin. Hannun Baba yana kan kwalin. Yatsunsa suna taɓawa, a hankali, a hankali, sai ɗaya da ƙarfi, sai ya tsaya. Ya sake, ya tsaya a wuri guda. Ni ban ji komai ba sai ƙwanƙwasa mai giɓi. Tsohon ya karkata kunne.

Ya ce, "Takena ne. Maroƙin banza, ka cinye rabi."

Aikin hannun hagu kawai Baba yake yi, yana barin gurbin gula. Sarkin noma ya ɗaga sandarsa, da giɓin ya zo ya buga ta a jikin turmi. Baba ya ci gaba. Ya sake bugawa. Suka tafi a haka, kwali da turmi, tsohon yana gyaɗa kafaɗa kamar yana kan kunya, yawu yana zuba ta gefen bakin Baba bai kula ba. Inna ta fito, ta durƙusa ta kai wa Baba kofin kunu baki. Ya sha kusan rabi.

Duk ranar da tsohon ya zo, Baba yakan sha kunu, wata rana har da lomar tuwo. Na fara samun barci. Sai marka ta kama, rafi ya cika, gwiwar sarkin noma ma ta kumbura, zuwansa ya koma jefi-jefi, daga baya ya yanke. Baba ya ɗora hannu a kwali, ya yi nasa, ya bar giɓin, ya dube ni. Na ɗauko sandar awon ɗinki na zauna gaban turmi. Ban san inda gula ke faɗuwa ba. In riga shi, ko in makara. Yakan jure sau biyu ko uku, sannan ya janye hannun. Inna ta gwada da muciya, ta fi ni kusa, amma ta ce ita daga nesa take jin kiɗan nan in ta kai fura gona, ba ta riƙe shi duka ba. A irin waɗannan ranakun kurɓa ɗaya yake yi, ko biyu.

Baba ya rasu da la'asar, lokacin da gero ya fara fitar da kai. Da muka ɗaga shi zuwa wanka bai fi nauyin yaro ba.

Bayan an share makoki mai shagon ya kira ni, ya ce an kawo wani mai jin hannu, ya ajiye mini. Na faɗa masa. Ya yi mini ta'aziyya, ya ce in ina so in kawo sabon zai karɓa, amma a kwalinsa, don haka masu saye suke so. Na je ɗakin Inna in ɗauko kwalin. Yana kan gadonta, saman ya lotsa daidai inda yatsun suke sauka, wurin ya yi baƙi. Na faɗa mata abin da mai shagon ya ce. Ta ce in nemi wani kwalin.