Ina Gugar Rigata Aka Binne Aminina

Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da rubutun, bokona bai wuce na karanta lambar mota ba. A shekarun da nake ba ku labari, ni ne mai wanki da guga a wata unguwa a Kazaure. Ina da rumfa, da dutsen guga na gawayi, da igiyoyin shanya, da baki wanda ya fi dutsen zafi. Mutanen unguwa kan ce in kana son sanin halin da ake ciki ba sai ka kunna rediyo ba, ka dubi lokacin da nake tashi daga aiki. In gyaɗa ta yi kyau a Roni, 'yan kasuwar Babura suna shiga Nijar suna fitowa, ma'aikata kuma sun ga albashi, to shadda za ta yi ta zuwa, tun asuba har magariba ina tsaye. In kuwa na rufe da la'asar, an san gari ya yi zafi. Wannan magana ta fasa mini kai, har tafiyata ta sauya.

Ina da amini tun muna yara, wanda ya koma gonarsa a Gwiwa. Duk ranar da ya shigo gari sai ya tsaya a rumfata ya kira ni tsohon banza, ya ce zan mutu ina wanke rigunan mutane ba ni da ta kirki ko ɗaya. Ni kuma in ce ya matsa can, kar warin taki ya kama shaddar Alhazai. Ya sha roƙona in je in kwana biyu, kullum amsata ita ce aiki ya yi yawa. A lokacin gaskiya nake faɗa.

Sai tsada ta shigo. Sabulu ya tashi, gawayi ya tashi, magidanta suka mayar da wanki cikin gida. Kafin hantsi ya yi zafi na gama ɗan abin da aka kawo. Maimakon in rufe in nemi jama'a, sai kunya ta kama ni, wai kar a ce ma'aunin gari ya karye. Na kwaso rigunana da na wani ƙanena da ya tafi kudu, in jiƙa su in shanya, kowace safiya in sauya musu wuri don kar a gane. In hura gawayi in yi ta gugar babbar rigata har wuyanta ya fara sheƙi. Mai wucewa ya ce sannu da aiki, in amsa ban ɗaga kai ba, kamar mai sauri. Da farko abin dariya yake ba ni. Daga baya na lura babu mai zama a bencina, kowa na gudun ɓata mini lokaci. Sai in wuni daga ni sai kajin maƙwabta.

Ashe aminina yana kwance. Shi da kansa ya hana a gaya mini, domin wani ɗan acaɓa ya ba shi labarin igiyata cike take. Ya ce a ƙyale ni, a wannan zamani wanda ya samu aiki ba a tayar da shi. Ranar da ya cika, wanda aka aiko ya sanar da ni ya hango ni a duƙe ina guga, hayaƙi na tashi, sai ya ce bari ya fara zagaya dangi ya dawo. Kafin ya dawo an kai aminina makwancinsa. Rigar da nake gogewa tawa ce, kuma ko jiyan ranar na goge ta.

Da na je ta'aziyya, babban ɗansa ya riƙe hannuna yana cewa Baba kar in damu, sun san hidima ta yi mini yawa, mahaifinsu ma ya yi ta murna Allah ya rufa mini asiri. Na yi wa mamaci addu'a, na kamo hanyar gida. Har yau ba su san gaskiya ba.

Yanzu in babu aiki rufewa nake yi, sai dai waɗanda zan je wurinsu sun ragu ƙwarai. Don haka teloli, masu aski, masu shayi da duk mai zaman jiran ciniki, in kasuwa ta mutu ku bari a gani, ba ku kuka kashe ta ba. Mutanenmu suna da kara, in sun ga kana aiki sai su ba ka wuri. Ni na yi musu ƙarya, suka yarda da ni, suka ba ni wurin, ga ni a cikinsa ni kaɗai.