Kwanon Miyar da Ya Tsallaka Titi

Duk wanda ya san ni a unguwar Sintali ya san ina da ciwo guda ɗaya, ciwon tangaran. Wasu matan hankalinsu na kan atamfa, wasu na kan gwal, ni kuwa nawa yana kan tsofaffin farantai da cokulan azurfa waɗanda masu su suka bar duniya tun kafin in zo. Shekarun da na yi ina koyarwa a firamare, da wuya Asabar biyu su wuce ban bi ta wajen 'yan gwanjo a Kasuwar Jalingo ba, in tsuguna ina tonon tarkace kamar kaza. Na iya ɗaga faranti wajen haske in ga ko inuwar yatsuna za ta fito ta bayansa. Na iya ƙwanƙwasa shi da farce in saurara. In ya daɗe yana amo, lafiyayye ne, in kuwa ya ce ƙwaf, to akwai tsaga a ɓoye. Cokali kuma juya shi nake in nemi ɗan tambarin zaki a bayan mariƙinsa, shi ne shaidar azurfa ta gaske. Har mai shagon da na fi zuwa ya daina yi mini ƙarya, ya ce ɓata bakinsa kawai yake yi.

Kayan nan duka suna jere a kabad ɗin gilashi a falo, makulli kuma yana ɗaure a bakin zanina. Ba a ci a cikinsu, ba a sha, ba a ma jingina da kabad ɗin. Malam, maigidana, yakan tsaya ya dube su ya girgiza kai.

"Ikon Allah! Gida cike da farantai, mai gida na ci a roba."

"Robar ta taɓa hana ka ƙoshi?" in ce masa.

Abin da na fi ji da shi wani kwanon miya ne mai kunnuwa biyu, fari tas, da 'yan furanni shuɗɗa da bakin ruwan zinariya. A shagon gwanjo na tsince shi cike da ƙusoshi, babu murfi. Sai bayan shekara biyu na ga murfin irinsa a Abbare, a wani gidan suna, an rufe tukunyar gishiri da shi. Na aje kunya gefe na roƙa, matar gidan ta ba ni tana kallona kamar mai taɓin hankali. Da na dawo na ɗora shi a kan kwanon ya zauna daram, wallahi sai da na yi guɗa ni kaɗai a falo.

To, wata Babbar Sallah ƙanwar Malam ta zo daga ƙauye taya ni aiki. Abokiyar wasata ce, Adda take ce mini, wato Yaya, kuma ba ta taɓa ɗaukar kabad ɗina da muhimmanci ba. Da safe na goge kayan saboda baƙi, shaiɗan ya sa na bar makulli a jiki. Ina bayan gida ina fama da suyar nama, ita tana zuba abincin maƙwabta. Da la'asar na shigo falo in huta, idona ya faɗa kan kabad. Tsakiyar jeren wayam.

"Ke! Ina kwanona?"

"Wanne? Kwanukanki ai sun fi na mai tuwo-tuwo yawa."

"Mai murfi! Mai fure!"

"Au, wannan? Yana gidan Mama. Kuloli sun ƙare, na ga kwano a zaune ba ya aikin komai, na zuba miyar taushe na haɗa da masa na kai mata. Ta yi murna kuwa."

Na zauna a hannun kujera. Abin da na faɗa wa yarinyar nan a ranar ba zan rubuta shi ba, na dai nemi gafararta daga baya, ita kuma har yau tana kwaikwayon muryata a gidan biki.

Mama tsohuwa ce 'yar Mumuye, Kirista, gidanta na kallon namu a tsallaken titi. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'ya sun kama gabansu, sai ita da awakinta. Tun zuwanmu unguwar muke kai mata abincin Sallah, ita kuma ta kawo mana na Kirsimeti, Malam ne ma yake yanka mata kajin don mu ci da kwanciyar rai. A unguwarmu kuwa kwanon da aka kai abinci ba a aika a karɓo shi, kuma ba a mayar da shi babu komai a ciki. Wasu sukan saka sabulu ko ƙwai su mayar washegari. Mama ba ta yarda da wannan gajeriyar hanya ba. Kwanon Sallah a wurinta sai Kirsimeti yake komawa, da abinci mai zafi, ko da za a yi wata nawa. A shekarar nan wata biyar ne a tsakani.

Na ɗauki mayafi. Malam ya ɗago kai daga rediyonsa.

"Ina zuwa?"

"Zan kai mata kula in karɓo abina."

"Ba daga gidan nan ba. Ki je ki ce wa tsohuwa kwanon ya fi ƙarfinta? Da wane bakin?"

Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma ya ƙara ba ni haushi. Na aje mayafin. Tuwon Sallar nan ko ɗanɗanonsa ban ji ba. Awakin Mama kawai nake gani a idona, da wannan baƙin bunsurun nata da ke hawa har kan turmi.

Sai na zama mai zumunci. Ni da nakan yi wata ban leƙa gidan Mama ba, na koma duk kwana uku ina can, yau in kai mata kuɓewa, gobe in ce na zo duba ƙafarta. Bakina na gaisuwa, idona na zagaye ɗaki. Zuwa biyu ban ga komai ba. A na uku na same ta zaune a tabarma, kwanona a gabanta a ƙasa, ƙasa fa, tana cin fate da shi, bunsurun nan yana tsaye a bakin ƙofa yana kallo. Na gaishe ta, idona na kan bunsurun.

Hausar Mama ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinta.

"Malama, ka zo? Zauna. Ka ga kwano naka? Kullum a ciki nake ci."

"Kullum, Mama?"

"Safe da yamma."

Ta shafa gefen kwanon da tafin hannu, ta fara ba ni labarin da ban taɓa ji ba duk zamanmu. Babanta kuku ne a gidan wani Bature, tana yarinya ita ke taya shi wanke-wanke. Irin wannan kwano, irin wannan fure, ta wanke su ba adadi. A shimfiɗa tawul a gindin baho, ruwa mai ɗumi, tsumma mai laushi, ɗaya bayan ɗaya, ba a haɗa biyu a ruwa. In aka gama a jera, su kuma su koma bayan kicin su ci nasu a ƙwarya. Wata rana ta lakaci sauran miya a ciki da yatsa, babanta ya gani, ya ja kunnenta har ya kumbura, don tsoron aikinsa.

"Na wanke, na wanke, ban taɓa ci a ciki ba. Sai yanzu da na tsufa, kai ka tuna da ni. Duk unguwa ka kai musu kula, ni ka kawo mini wannan. Allah ya yi maka albarka, ɗiyata."

Kunya ta kama ni kamar in nutse a ƙasa. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ai kin cancanta, Mama." Ƙarya tsagwaronta, da rana tsaka, daga bakin malamar makaranta.

Da ta gama ci ta ce in tsaya in ga wanki. Ta shimfiɗa tsohon zani a baho, ta taɓa ruwan da gwiwar hannu, ta riƙe kwanon ta gindi ba ta kunne ba, ta ce kunnen ne ke fara karyewa. Ni da nake ji da kaina a harkar tangaran, shekara da shekaru ta kunne nake ɗaukarsa. Ta tambaye ni da me nake goge azurfa, na ce toka. Ta dafe kai.

"Toka? Kana kashe cokali! Alli za ka niƙa lukwi, ka jiƙa kaɗan, ka goga da tsumma."

Na gwada a ranar, cokulana suka yi hasken da ban taɓa gani a jikinsu ba. Daga nan zuwana gidanta ya sauya. Ba zan ce na daina satar kallon kwanon ba, ƙarya ta biyu ke nan, amma na fara zama har in manta da shi. Nakan ɗauko mata sabon abin da na tsinto a kasuwa, ta juya shi ta ce wannan na kifi ne, wannan na man shanu, wannan kuwa an cuce ka, ba azurfa ba ne.

Ranar Kirsimeti da hantsi sai ga Mama da kanta ta tsallako titi cikin sabon zaninta na coci, kwanon a ƙirjinta, cike da shinkafa da miyar kaza. Tana fita na juye abincin a kula, na wanke shi yadda ta koya mini, na kai shi wajen haske na juya, na ƙwanƙwasa. Ya yi amo zar. Ko ƙwarzane babu. Na mayar da shi tsakiyar jere, na kulle, na ɗaure makulli a bakin zani, na yi ajiyar zuciya. Malam ya ce, "To, sarki ya koma gida, sai a kwanta."

Sai dai kwanciyar ba ta samu ba. Duk wucewar da zan yi ta falo in gan shi a bayan gilashi, sai in tuna Mama ta koma cin fatenta a tsohuwar samira. Na yi ta faɗa da kaina. Nawa ne, ni na tono shi daga cikin ƙusoshi, ni na zubar da mutuncina a Abbare saboda murfinsa. In ya fashe ina zan samu wani?

Ƙaramar Sallah ta zo, ƙanwar Malam ta sake zuwa. Tana shigowa ta ɗaga hannu sama.

"Adda, bana ko kallon kabad ɗinki ba zan yi ba. Na sayo kula biyu da kaina."

Na bar ta ta gama zuba na kowa. Da ta ɗauko kular Mama na ce ta aje. Na kwance makulli, na ciro kwanon, na riƙe shi ta gindi, na zuba miyar da hannuna. Na koma na ɗauko cokalin azurfa ɗaya daga cikin shidan da na fi so, na ɗora a kan murfin.

"Lafiya, Adda? Ko rana ta buge ki?"

"Matsa mini hanya, sarkin ɓarna."

Na tsallaka titi da kaina. Mama ta karɓa, ta dubi kwanon, ta dubi cokalin, ta dube ni ta daɗe. Ba ta yi dogon jawabi irin na farko ba. Cewa kawai ta yi in zauna mu ci tare, kuma na zauna, a karon farko na ci abinci a cikin tangaran ɗina.

Haka kwanon ya yi ta kai da komo shekara shida. Ya tafi da Sallah, ya dawo da Kirsimeti, rabin rayuwarsa a can, rabi a nan. Unguwa ta san shi, in aka gan shi a titi sai masu shago su ce biki ya tabbata.

A shekara ta bakwai, cikin damina, Mama ta kwanta kwana kaɗan ta rasu. Kwanon yana gidanta. Na yi kuka, na zauna makoki da 'ya'yanta, aka rufe gidan aka kwashe kaya. Ban tambaya ba, kuma wannan karon babu wanda ya hana ni.

Ranar Kirsimeti da hantsi muka ji sallama. Babbar 'yar Mama ce da ke aure a Abbare, ta sauko daga keke mai ƙafa uku rungume da kwanon, naɗe cikin tsohon zanin uwarta, cokalin a sama. Yana da zafi.

"Anti, Mama ta bar mini wasiyya kada in mayar miki da shi babu komai. Kuma ta ce in faɗa miki wata magana, ta sa na maimaita har sau biyu don kada in manta."

"Ina jin ki."

"Ta ce tun ranar farko ta san kuskure aka yi. Wadda ta kawo ma ta faɗa mata kula ce ta ƙare. Ta ce duk zuwan da kike yi da kuɓewa tana ganin idonki, in kin fita ta yi ta dariya. Ta ce kawowar farko ta ƙanwar Malam ce. Ta biyun ita ce taki, a kanta take gode miki."

Na fashe da dariya, hawaye na zubo mini. Malam ya juya baya yana gyaran hular da ba ta karkace ba. Na share fuskata, na kwance makulli na miƙa masa, na ce ya ciro farantai uku masu fure da sauran cokulan, ya riƙe su da kyau. Muka zauna mu uku muka ci shinkafar Mama tun ba ta huce ba.