Gefen Daman Baba Sannu

Yaran makaranta ne suka sa masa suna Baba Sannu, don ko mai tura baro ya tare masa hanya ba ya matsa ham. Sunan ya bi shi har masallaci. Shi ne direban bas ɗin wata makarantar firamare, farar bas mai ƙofa ɗaya a gefen dama, wadda sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu. Da manyan motoci ya fara tun yana saurayi, ya yi tasi, da furfura ta fara leƙowa a gemu sai ya dawo ɗaukar yara. Duk tsawon shekarun nan ko kaza bai taɓa takawa ba. Ba shi ke faɗa ba, matarsa ce ke faɗa wa mutane, shi kuwa sai ya ce, "Allah ne mai tsarewa." Idan sababbin iyaye suka zo makarantar, Shugabar makarantar takan nuna musu shi ta taga kafin ta nuna musu aji.

Aikin direban makaranta akwai dogon zama a tsakiyarsa. Ka sauke yara da safe, ba ka da abin yi sai an tashi. Gidansa da nisa, don haka yakan tsallaka titi ya zauna a shagon Dogo mai gyaran waya, wanda duk layin babu gajere kamarsa. A bayan shagon akwai babbar talabijin da kujerar roba mai tsagewa a baya, da wasan nan na jarumai da ake yi da mutanen wasu garuruwa ta intanet. Da farko kallo kawai Baba Sannu yake yi yana girgiza kai. Ranar da Dogo ya damƙa masa abin dannawa a hannu don a yi dariya, sai aka ga yatsun da suka saba da giya da birki ba su da wasa.

A wasan gari ne ke cin wuta, mutanen ƙarfe suna zubowa daga sama, jarumai uku kuma suna fitar da jama'a ta kan gada. Abokan wasansa biyu bai taɓa ganin fuskarsu ba, muryarsu kawai yake ji a abin kunne. Akwai Guguwa, wani saurayi mai bakin tsiya, jaruminsa tashi sama yake yi. Akwai Anti Walƙiya, wadda kullum ana jin ƙarar keken ɗinki a bayanta. Shi Baba Sannu jarumi mai garkuwa ya ɗauka, wanda ba ya tashi, ba ya harbi, aikinsa ya tsaya bayan mutane ya tare abin da zai faɗo musu. Shi ya sa suke ce masa Baba Garkuwa.

Sun daɗe a mataki mai sauƙi da na tsakiya. A nan idan abokin gaba zai zo, sai jar kibiya ta fito a tsakiyar allo ta nuna ta inda zai ɓullo, har da ɗan ƙara a kunne. Baba Sannu bai taɓa barin an taɓa masa mutum ko ɗaya ba.

"Mun zama tsofaffi a nan," in ji Guguwa wata rana. "Mu hau na ƙarshe mana. Ko Baba Garkuwa na tsoron hawan jini?"

"Ɗana, ina tuƙa tirela kana cikin zanin goyo. Danna."

A matakin ƙarshe babu kibiya, babu ƙara. Abokan gaba ta gefe suke shigowa, shiru, kamar ɓarayi. Ba a yi nisa ba allo ya yi ja, mutanen da ke bayansa suka zube.

"Baba, barci kake?"

"Sabis ne ya tsaya."

Suka sake, aka sake zubar da su. Na hagu kam tun yana leƙowa yake tare shi. Amma sai kawai ya ga jaruminsa a ƙasa, bai san abin da ya buge shi ba.

"Baba, ta dama suke shigo maka," in ji Anti Walƙiya, ta tsayar da kekenta. "Kullum ta dama. Ko wani ya tsaya maka a gaban talabijin?"

"Ko dai ya sayar da rabin allon ne ya sha shayi," in ji Guguwa.

Baba Sannu ya ƙwala wa Dogo kira, ya ce talabijin ɗinsa ta lalace ta gefe ɗaya. Dogo ya zo da ƙaramin sukundireba a bayan kunne, ya tsaya a bayan kujera yana kallo. Can sai ya daka tsalle.

"Ga shi nan! Baba, ga shi nan, ƙato kamar firji!"

"Ina?"

"Haba Baba, ga shi a damanka!"

Ya juya wuyansa. Mutumin ƙarfen na tsaye, ya cika gefen allon, har ya ɗaga hannu zai yi duka. Ba duhu ba ne ya rufe shi a da, ba hazo ba. Babu shi ne kawai, sai da ya juya sannan akwai shi. Ya mayar da idonsa tsakiyar allo a hankali, abin ya sake ɓacewa, tare da kwalbar lemon da ke kan tebur, da hannun Dogo da ke nunawa.

Dogo na ta dariya. Baba Sannu ya ajiye abin dannawar a cinyarsa. Ta ƙofar shagon yana hango farar bas a inuwar katanga.

A gida bayan la'asar bai taɓa abinci ba. Ya zauna a bakin gado ya kafa wa ƙusar da ke bango ido, ya ce wa matarsa ta zo ta tsaya a damansa ta ɗaga hannu.

"Yau kuma wane wasa ne, Maigida?"

"Ki dai ɗaga."

"Ai na ɗaga tun ɗazu."

Ya rufe idon hagu, babu ita. Ya rufe na dama, babu ita. Yana jin ƙamshin sabulun da ta yi wanki da shi, yana jin numfashinta, amma wurin da take tsaye babu kowa. Sai abubuwa suka riƙa dawo masa. Kafaɗarsa da ke yawan bugun ƙyauren ɗaki. Kofin da ya ture har sau nawa, ya ce an ajiye masa a hanya. Maƙwabcinsu da ya yi kwanaki yana masa gaisuwar sama-sama, wai ya miƙo masa hannu bayan sallame salla ya ƙi karɓa. Da wani ciwon kai da ya kwantar da shi watannin baya, ya sha ƙwaya ya tashi ya kama aiki.

Matar ta zauna a ƙasa, ta riƙe bakin mayafinta.

"Gobe sai ka gaya wa Shugaba."

"In gaya mata me? Cewa rabin hanya nake gani?"

"'Ya'yan mutane ne, Maigida."

"Na san 'ya'yan mutane ne! Ni ba 'ya'ya gare ni ba?" Bai saba ɗaga mata murya ba, sai ya sassauta. "Ban iya komai ba sai sitiyari. Hanyar nan ko ido rufe na san ramukanta. Ki ba ni lokaci, zan riƙa juya wuya. Kada ki gaya wa kowa, don Allah."

Ba ta gaya wa kowa ba. Amma daga ranar, idan ya fita da safe ba ta iya ɗora tukunya. Takan zauna da carbi a tsakar gida, duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofa sai gabanta ya yanke ya faɗi.

Shi kuwa ya koma tuƙi yana waige-waige kamar wanda ake bi. A kowace mahaɗa sai ya tsaya ya juya har ƙirjinsa, ya duba, ya sake dubawa, na baya suna ta zuba masa ham. Yaran suka gano, suka riƙa kwaikwayonsa a kujerun baya suna ƙyalƙyala dariya. Kafin ya kai makaranta rigarsa ta jiƙe sharkaf. Da mota ta wuce shi ta dama ba zato sai ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi a ƙeya.

Da rana kuma ya koma shagon Dogo, amma yanzu ba wasa yake yi ba. Shi ke cewa a hau matakin ƙarshe. Ya sa a ransa cewa in har ya iya tare mutanen ƙarfen nan, to zai iya tare hanya. Ya ja kujera baya, ya karkata ta, ya koyi kaɗa kai dama da hagu ba tsayawa. Aka yi ta zubar da su. Guguwa ya gaji da tsiya har ya fara tausaya masa.

"Baba, mu sauka ƙasa mana, ba dole."

"Danna, ɗana."

Ranar wata Laraba suka haye gadar, ba a taɓa ko mutum ɗaya ba. Guguwa ya yi ihu har abin kunne ya yi ƙara, Anti Walƙiya ta ce yau ɗinkin mutane sai gobe. Baba Sannu ya miƙe wuyansa na ciwo, ya ce alhamdu lillahi a fili. Ya tsallaka titi da sauƙin zuciyar da ya daɗe bai ji ba. A ganinsa ya ci jarrabawa.

A cikin yaran akwai wata 'yar ajin farko da ake kira Mitsitsiya, jakarta ta kusa fin ta girma. Gidansu na bakin wani siririn titi, mai jar ƙofa, kusa da wata mai sayar da ayaba. Ƙa'idar Baba Sannu ce ba ya ɗaga ƙafa daga birki sai ya ga yaro ya shige gida. A Larabar nan, da ta sauka sai ta ce, "Sai gobe, Baba Sannu," wata babba a cikin yaran ta ɗaga ƙofar bas ta rufe. Ya juya wuya kamar yadda ya koya. Ya ga jar ƙofar a buɗe tana lilo. Ya ce a ransa ta shige. Ya dawo da kansa gaba, ya saki birki.

Bas ɗin ta motsa. Wani abu ya fashe a ƙarƙashin tayar gaba, ɓas, sai yaran suka ɗauki ihu gaba ɗaya.

Ya taka birki da ƙafa biyu.

Ihun bai tsaya ba. Ya juya, sai ga mai ayaba a jikin gilashin dama, tana dukan mota da tafin hannu, bakinta a buɗe. Daga baya aka ce tun kafin ya motsa take tsaye a wurin tana ɗaga masa hannu biyu. Kowa a motar ya gan ta.

Ya buɗe ƙofa. Ya sauko. Yana zagayawa ta gaban motar yana innalillahi. Abin da ya fara gani ruwa ne yana gangarowa daga ƙarƙashin taya, ya bi ƙasa ya taɓa takalminsa. Ya tsaya yana kallon ruwan, ya kasa ɗaga kai ya ga launin abin da ke biye da shi.

"Baba Sannu, ka fasa min gorata!"

Mitsitsiya na zaune dirshan a ƙasa, jaka a baya, tana kuka da majina. Gorar ruwanta ce ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin mota, ta durƙusa za ta ɗauko. Robar ta baje a ƙarƙashin taya. Tsakanin tayar da yatsun yarinyar bai kai tafin hannu ba.

Uwar ta fito a guje ba ko takalmi, ta sure ta tana jujjuya ta. Da ta ga babu ko ƙwarzane sai ta hau yarinyar da faɗa, sannan ta juyo tana ba shi haƙuri.

"Baba, ka yi haƙuri, rawar kanta ya yi yawa. Allah ya sa kai ne, da wani direban ne ai da shi ke nan."

Baba Sannu ya juya. Ya koma ya kashe mota, ya zare makulli, ya zauna a kan dakalin mai ayaba. Sauran yaran suna leƙowa ta taga. Ya ciro waya ya kira Shugaba.

"Ranki ya daɗe, ni ne. A'a, lafiya lau suke, dukansu. A turo wanda zai ƙarasa da su gida." Ya saurara. "Motar ƙalau take. Ni ne ba na gani ta dama. Na kwana biyu da sani."

 Shugaba ta ce ya tsaya inda yake. Malamin lissafi ne ya zo a kan babur ya karɓi makullin, bai iya haɗa ido da Baba Sannu ba. Shi kuwa ya nuna masa yadda ake ɗaga ƙofa, ya faɗa masa gidan da ke da kare da wanda sai an jira kaka ta fito. Da ƙafa ya koma gida.

A asibiti likita ya ce idanun lafiyarsu lau. Wata 'yar jijiya ce ta toshe a cikin kai, hawan jini ya jawo, kuma an yi sa'a da ta tsaya a nan. Ya rubuta magani, ya ce a kiyaye gishiri, tuƙi kuwa an gama. Baba Sannu ya ce to. Matarsa ce ta yi sauran tambayoyin.

Da suka fito, titin gaban asibitin cike yake da motoci. Ya tsaya a bakin kwalta yana juya kai, ya sa ƙafa ya janye, ya sake sawa ya janye. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan titi, ga shi titi ya gagare shi tsallakawa.  Matar ta zagaya ta bayansa ta koma damansa, inda ba ya ganinta, ta kama hannun rigarsa.

"Tsaya tukuna, Maigida. Akwai babur." Suka jira. "To, mu je."