Ragowar Kazar Malam Ɗahiru

Ban taɓa mantawa da wata Laraba da na zauna gaban jama'a ina cin ragowar abincin wani, ina jira in ga ko zan mutu ba. Ku da kuka shigo wannan sana'a kwanan nan ya kamata ku ji yadda aka yi.

Shekaru kaɗan ne bayan soja sun koma bariki. Ma'aikata sun ɗan samu sarari, gidajen abinci na zamani suka fara buɗewa a Katsina. Namu yana wajen Ƙofar Kwaya, muna sayar da soyayyar shinkafa da kaza da dankalin Turawa. Manaja ne a sama, sai ni sufabaiza, sai masu kicin da masu kai abinci tebur. Aikina shi ne in duba duk abin da za a dafa kafin ya hau wuta, in kuma kula da kantar karɓar kuɗi. Muna da wani ɗan kati da muke ba masu zuwa kullum. Duk cin da mutum ya yi sai in buga masa hatimi ɗaya, in sun cika goma, na sha ɗaya kyauta ne.

Babu wanda ya riƙe katin nan da muhimmanci kamar Malam Ɗahiru, wani akawu mai jiki da fara'a. Kullum bayan azahar sai ya zo tare da abokin aikinsa, Malam Lawal, wanda ba ya cin komai sai dai ya sha ruwa ya yi ta tsokanarsa.

"Kai dai Ɗahiru ba ka da godiya," in ji Malam Lawal. "Hajiya ta tashi da asuba ta yi maka tuwon dawa da miyar kuka, ka ba masinja, ka zo nan kana cin mai da gishiri."

"Tuwon nan ko gishiri babu, Lawal. Mi na yi wa duniya? Iro, buga mani hatimina, saura biyu."

Ni ne Iro. Sai in yi dariya in buga. Ban taɓa tambayar abin da ya sa matarsa take yi masa tuwo ba gishiri ba.

A ranar da nake ba ku labari, manaja ya tafi Kano. Na zo da safe na tarar an ɗauke wuta tun jiya, janareta kuma ya ƙi tashi. Na buɗe firiza, ƙanƙarar ta narke, kajin sun saki. Ka'idar gidan ita ce, naman da ya saki aka rasa sanin tsawon lokacin da ya yi a haka, zubar da shi ake yi. Na shinshina, ban ji wari ba. Na tuna faɗan da manaja zai yi in ya dawo ya ji an zubar da kaji. Na ce wa mai kicin, "Soya su sosai." Ya dube ni, ya ɗora mai.

Ranar ce katin Malam Ɗahiru ya cika. Ya shigo yana ɗaga shi sama kamar takardar ƙarin girma. Ni da kaina na kai masa farantin, har na ƙara masa cinya guda. Bai ci rabi ba sai na ji cokali ya faɗi. Na waiga na ga bakinsa ya karkace, yana son magana ta ƙi fita. Ya zame daga kujera ya zube ƙasa.

Malam Lawal ya yi salati da ƙarfi. Muka tare mota aka sa shi, Malam Lawal ya bi su asibiti. Kafin in dawo ciki, wani ya riga ya ce abincin ne. Maganar ta fita titi. Nan da nan 'yan acaɓa da masu shagunan kusa suka cika ƙofa. Masu kicin suka sulale ta baya. Na ji ana cewa a rufe gidan, wani na cewa a cinna masa wuta.

Wani dattijo mai sayar da taya a maƙwabtanmu ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Iro, mun san ka. Abincin wanga lafiya yake?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba."

"To ga ragowar nan. Zauna ka ci, kowa ya gani."

Da na tabbata da kajin nan, da wannan ba komai ba ne. Amma ni kaɗai a wurin na san halin da na same su da safe. Na ja kujerar da mutumin ya faɗo daga kanta na zauna. Hannuna yana rawa har shinkafa na zuba. Na yi bisimilla na gutsuri naman. Ina tauna ina tunanin 'ya'yana biyu a Ƙofar Marusa, da wanda zai gaya wa mahaifiyata. Ina kuma tunanin in Malam Ɗahiru ya rasu, ni na kashe shi, saboda tsoron faɗan manaja. Na cinye tas, aka tsaya ana kallona. Duk motsin da cikina ya yi sai in ce ga mutuwa nan. Gumi ya jiƙa rigata, na ji wani yana cewa, "Ku duba, ya fara."

Muna nan har aka kira la'asar, babu wanda ya tafi. Sai ga Malam Lawal ya dawo tare da wata mata mai lulluɓi, idonta ya yi ja. Hajiya Binta ce, matar Malam Ɗahiru. Malam Lawal ya gaya wa jama'a abin da likita ya ce: hawan jini ne ya buge shi, ya daɗe da shi, abincin ba guba a ciki. Mutane suka fara watsewa suna Allah ya ba shi lafiya.

Hajiya ba ta tafi ba. Ta tsaya gabana ta ce, "Kai ne mai buga masa hatimi?"

Na ce, "Ni ne, Hajiya."

"A aljihunsa na ga katin. Likita ya hana shi gishiri da mai tun bara. Kullum kular tuwonsa takan dawo mani a wanke, ina ta murna yana ci." Ta share ido da bakin mayafi. "Ban ce laifinka ne ba, ɗana. Shi babba ne. Na zo ne in ga wurin."

Da ta zage ni da ya fi mani sauƙi. Bayan ta fita na shiga bayi na yi ta amai, tsoro ne kawai ke fita.

Malam Ɗahiru ya tashi, sai dai hannunsa na hagu bai koma daidai ba. Na je gaishe shi a gida, na tarar Hajiya na ba shi tuwo, yana ci yana ɓata fuska. Da manaja ya dawo na gaya masa maganar kajin, ban ɓoye komai ba. Ya ba ni takardar gargaɗi, ya kuma sa aka gyara janareta a ranar.

Abin da na koya shi ne, mai zuwa wurinka kullum ya ba ka amanar cikinsa ne, kyautar faranti ɗaya ba ta biyan wannan. Ka san shi, ka tambayi lafiyarsa, in ya ce likita ya hana shi wani abu ka taya shi kiyayewa ko da cinikinka zai ragu. Allah ya rufa mani asiri a ranar, kajin ba su lalace ba, amma ba da sanina ba ne. Don haka duk wanda ya zo ya tambaye ni ko wani nama zai yi, amsata ɗaya ce: in za ka iya zama gaban mutanen titi ka cinye shi hannunka bai yi rawa ba, ɗora mai. In ba haka ba, zubar, ni zan amsa wa manaja.