Ranar da na turara fatar kaka

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Levenshulme a Manchester ana yayyafin nan da ba ya gajiya, mu uku: ni, maƙwabciyata 'yar ƙabilar Didinga ta Sudan ta Kudu, da 'yarta budurwa, haihuwar Manchester. Birmingham muka nufa. Mutanensu za su yi taron ƙarshe a zauren unguwa, don council, wato hukumar gari, ta ce ba kuɗi, rufe shi za a yi. Amma kakar yarinyar da ke zaune a can ce ta tashe mu. Tsohuwa ta makance, jiki ya yi rauni, burinta kuma guda: ta shafa jikarta sanye da fatar akuyar da ita ta ɗaura tana budurwa, ta sa mata albarka.

Jirgin ƙasa ya fi ƙarfin aljihu a wannan marra, sai muka hau coach, wato doguwar bas. Da aka tsaya hutawa na ga kuɗin shayi kofi guda, na ce ba da ni ba, na zaro filas da ƙosai. Muna ci maƙwabciyata na ba ni labarin ƙasarsu: tsaunuka kore shar, gajimare kwance a kansu da safe, gonakin dawa a gangare, shanu ko'ina. Na ce ashe Mambila ce! Yarinyar kuwa ta toshe kunne da waya, ko kallonmu ba ta yi.

Ni dai ina zaune ina yaba wa kaina. A gidana fatar ta kwana, don jakata ta fi girma. Da na buɗe na ji ƙauri da ƙarnin man shanu, na ce haba, wannan za a kai gaban jama'a? Na hura garwashi na turara ta da turaren wuta na Maiduguri har ta ƙoshi. Ban faɗa wa kowa ba, wai ni gwaninta.

Da muka isa Birmingham, titin Stratford Road na nan cike da shagunan yadi da ƙamshin gasasshen nama. A zauren, dattawa sun sa kwat sun kafa gashin jimina a ka, mata sun jera duwatsu ja da fari tun daga wuya har ƙirji a kan rigar sanyi. Tuwonsu bai da maraba da namu, sai miyar ganye da ta sha gyaɗa. Sau biyu na ƙara.

Yarinyar ta ɗaura fatar ta durƙusa gaban kakarta. Tsohuwa ta kamo gefen ta sunsuna, sai ta janye hannu. Uwar ta fassara: "Wai wannan ba tata ba ce. Ina tata?"

Na faɗi abin da na yi. Maƙwabciyata ta dube ni ta ce, "Hajiya, warin nan shi ne garinmu. Shi kaɗai ya rage mata."

Kunya kamar in nutse. Da aka yi wa tsohuwa bayani sai ta kece da dariya, ta ce a kawo man shanu. Da gudu na faɗa shagon wani ɗan Pakistan na sayo gwangwani. Ta sa na riƙe mata fatar, ta yi ta murza man a ciki, sannan ta shafa wa jikarta a goshi da kafaɗu, tana kiran sunayen tsaunuka da na shanun mahaifinta ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar ba ta jin yaren, amma ta kifa kai a cinyarta ta yi kuka. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba.

A hanyar dawowa ƙarni ya cika coach har wani Bature ya sauya kujera. Ko a jikinmu. Abin da na koyo shi ne in riƙa tambaya kafin in gyara abin wani. Da na shiga gida na ɗauki sabulu zan wanke hannu, ƙamshin man da ke hannuna ya tuno mini Inna tana kaɗa nono a Gumel. Sai na mayar da sabulun.